Sunan Yaya Rakiya

Shekara uku ke nan da muka rasa Yaya Rakiya, kuma har yau in na ji ƙarar sanda a kan wani abu, ko da buhun gyaɗa ake bugu, sai in toshe kunnuwana.

Ubanmu ɗaya da ita. Tana ƙarama Goggonmu, wadda ke aikin jinya a Kanada, ta ɗauke ta daga garinmu Fulatan. A can ta koyi hoki na kan ƙanƙara, wasan da ake yi da lanƙwasasshiyar sanda da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa. Ta ƙware har wani kulob ya ɗauke ta, wasan ya zama sana'arta. Ina sakandare a Karaye nake kallonta a wayar ƙawata, tana sulalawa kamar ba ta taka ƙasa. Lokacin mutanen gidanmu ba su ga laifin wasan ba, tunda tsaraba na zuwa.

Sau da yawa ta bugu a ka. Likitocin can suka ce ƙwaƙwalwarta ta taɓu, ta daina wasa, ta guji hayaniya da duk abin da zai girgiza kanta. Kulob ya sallame ta, Goggo kuma ta rasu. Sai ta dawo gida da jaka ɗaya da sandarta, haƙoranta biyu na gaba babu, ga ciwon kai, ga mantuwa. Takan tsaya a tsakar gida ta ce min, "Ƙanwata, me na fito ɗauka?"

Yara suka sa mata Mai Ƙanƙara. Matan gida sukan miƙa mata muciya suna dariya: "To gwana, a gwada mana a tukunyar tuwo." Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya yanke cewa iska ce ta kama ta, don ta yi tsalle-tsalle gaban maza. Na ce, "Baffa, likita ya ce kada a taɓa mata kai." Ya ce, "Ke da bokonki, rufe min baki."

Ya kawo wani mai magani. Mutumin ya ce da abin da iskar ta shiga, da shi za ta fita, a miƙo sandar. Aka rufe ɗaki, aka bar ni a bakin ƙofa riƙe da butar ruwa. Na ji komai. Da farko tana roƙonsu da Turanci, daga baya ta koma kiran Inna, mahaifiyarta, wadda ta daɗe da rasuwa. Ba ta ƙara yin magana ba har Allah Ya karɓi abinSa. Aka ce kwana ne ya ƙare.

A gidanmu, in mace ta rasu, 'yar da aka fara haifa bayanta ake mayar wa da sunanta. An haifi 'ya'ya mata tun daga nan, ba wadda aka sa wa Rakiya. Baffa ya ce sunan bai da albarka. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau hular kwanon da take wasa da ita ce kwanon dusar kaji. Ina jin dariya za ta yi da giɓin nan nata, don ba ta iya riƙo ba. Ni ce na kasa.

Watan jiya na haifi 'ya mace a Tudun Kaya, inda nake aure. Na roƙi maigidana, ya yi mata huɗuba da Rakiya. Ranar suna muka aika wa gidanmu naman rago kamar yadda aka saba. Kafin la'asar kwanon ya dawo a rufe, ba a taɓa ko tsoka ba, tare da saƙon Baffa: tunda na zaɓi mai iska, kada in ƙara taka masa zaure, kuma in jira in ga abin da zai kama yarinyar.

Ina rubuta wannan ina sane cewa za a karanta wa Baffa. Ba abin da ya rage na Yaya sai wannan sunan, ga shi a bayana yana barci. In mata suka zo barka suka miƙo hannu, nakan ba su ita, amma tafina ba ya barin kanta.

Allah Ya jiƙan Yaya Rakiya, Ya raya mai sunanta.