Ja da safe, fari sai an kaɗa ƙarfe

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin a koma lakkol, wato makarantar boko, a shekarar da zan shiga aji biyar, na raka Inna awon ciki Dogon Dutsi. Daga ƙauyenmu muka hau amalanken jaki, tsakanin dammunan hatsi da kajin da za a kai kasuwa, Inna tana haki kamar ita ke jan amalanken. Cikinta wata shida ke nan. A gidan likita, ungozomar, wata doguwar mata mai gilashi, ta janye fatar idon Inna da yatsa, ni ma na leƙa, na ga ciki fari fat. Ta latsa ƙafafunta da suka kumbura, sannan ta hau faɗa, wai Inna ba ta shan jajayen ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta. Abin ya ƙona mini rai, domin ni ke ba ta su da hannuna. Na yi caraf na ce ko ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba, har ruwan kanwa nake jiƙa mata ta haɗiye su da shi, ta bi da cokalin farin maganin nan na farmasi mai kama da nono, don kada ƙwannafi ya taso mata. Ina jiran yabo, sai na ga matar ta cire gilashinta ta zauna.

Ni ta kalla ta yi wa bayani, tun da ni ce mai baki. Ta ce kanwa da farin maganin duk tsamin ciki suke kashewa, shi ya sa ƙwannafi ke kwantawa. Ita kuwa jar ƙwaya sai da tsamin nan take shiga jiki, in aka haɗa su wucewa kawai take yi. Ta ce a sha ja da ruwa zalla, fari sai bayan awa biyu, kanwa kuma a bar ta baki ɗaya saboda kumburin ƙafa. "In ta haihu da jinin ga, zubar jini kaɗan na iya tahiya da ita," in ji ta. Wata biyu ina zubar da maganin uwata da hannuna ban sani ba. Na sha kuka a hanyar komawa, kafin mu kai gida kuma hawayen ya bushe, na ƙudurta abin da zan yi.

Gidanmu ba agogo, amma lakkol ɗinmu bayan dangarmu take, kuma ƙarfen ƙafar mota da malaminmu, Mushe, ke kaɗawa lokacin hutun ƙarfe goma har bakin rijiya ana jin sa. Shi na mayar agogo. Da safe, bayan na share tsakar gida na kai awaki bakin gari, sai in ba Inna jar ƙwaya, in jefa kwalbar farin maganin a jakata in tafi da ita aji. Ana kaɗa ƙarfe, ƙawayena su zauna carafke a gindin bedi, ni kuwa in ɗiba a guje, in zuba mata cokali ɗaya, in koma ina haki. Sun sa mini suna likitar danga, ban kula ba.

Babbar rigimar da Kaka ce, mahaifiyar Baba, wadda a wurinta kanwa maganin komai ce, daga ciwon ciki har na jaki. "Da kanwa na haihi ubanki, ke ɗiyar jiya mi kinka sani?" Haka take cewa, ta faki idona ta jiƙa wa Inna. Sai na kwashe kanwar gidan kaf na binne a ƙarƙashin rumbu. Wake ya ƙi nuna, miyar kuɓewa ta rasa yauƙi, na sha tsumagiya har sau biyu, amma bakina ƙanin ƙafata. Da farin maganin ya ɗaure wa Inna ciki, bayan gidanta kuma ya yi baƙi, Kaka ta samu abin faɗa, ni ma na tsorata. Na taka har wurin Majo, ma'aikacin ɗakin shan maganin garinmu, ya ce baƙin aikin jar ƙwaya ne, ɗaurewar kuma a rage farin, ta yawaita ruwa da kwaɗon zogale. Inna takan kwana a jingine saboda zafin ƙirji, ta ce in taimake ta da kanwa ko kaɗan, in ce a'a ina kawar da kai. Wannan ya fi mini dukan Kaka ciwo.

Naƙuda ta zo wa Inna da hantsi cikin watan sanyi. Ta haifi namiji, jini kuma ya ɓalle, aka ɗauke ta zuwa Dogon Dutsi. Kwana uku ban iya cin tuwo ba. A rana ta huɗu Baba ya dawo da ita a raye, ya faɗa a gaban kowa cewa likitoci sun ce jinin da ta tara a watannin nan shi ya riƙe ta. Washegari ina surfe, Kaka ta zo ta tsaya a kaina da ƙwaryar gasarar kunun jego. Ta ce, "Ke likita, a sa kanwa ko a bari?" Na ce a bari. Ta juya ta jiƙa tsamiya.

Yanzu a cikin gari nake, farmasi na bakin titinmu, kowane magani da takardarsa, ƴaƴana kuma duk abin da na ce su sha, sha suke yi ba musu. Inna na nan da ranta tana goyon jikoki. Kaka kuwa ta rasu ina koleji, ban taɓa ce mata ta yafe mini waken da na sa ta ci da tauri ba. Da za ta dawo, da na bar ta ta ci gardama ko sau ɗaya.