Bawon Katantanwa a Murhun Kaka

Jiya maƙwabciyata ta kashe gawayi da ruwa, warin ya shigo mini ta taga. Na ajiye cokali, abincin ya fita raina. Warin nan ne yake bin rigar kakana, mahaifin babana, a ƙauyenmu da ke bayan Kwoi, kan hanyar Nok.

Kaka maƙeri ne, amma ba ya sayen tsohon ƙarfen mota. Daga dutse yake fitar da nasa. A duk yankin shi kaɗai ya rage mai narka tama. Sau ɗaya a shekara, bayan an haƙe citta an shanya, sai ya gyara murhunsa na yumɓu a bakin rafi, mai tsayi kamar ƙaramin rumbu. Ya jera tama da gawayin ƙirya hawa-hawa. Mu jikoki muna karɓa-karɓa a kan zugazugi, shi yana rera wata doguwar waƙa da yarenmu, hannuwanmu suna bin waƙar. Idan ya kai wani baiti, sai ya ɗebi farin gari a ƙoƙo ya watsa cikin wuta. Na san garin, domin ni nake tsinto masa bawon katantanwa, ya ƙona ya daka. Da la'asar ya huda gindin murhun, kashin ƙarfe ya kwararo ja wur, ƙarfen ya zauna a ciki. Fartanyar Kaka takan yi shekara da shekaru a gona bakinta bai lanƙwashe ba.

Wan babana, wanda muke kira Baba Babba, dattijon ikilisiya ne. Waƙar nan da garin nan sun tsaya masa a wuya. Da Kaka ya nemi baftisma a tsufansa, Baba Babba ne ya miƙe a gaban dattawa.

"Ba za a sa shi a ruwa ba sai ya daina ciyar da dodo a rafi."

Kaka ya ce, "Wane dodo? Wuta ce nake ba abinci."

Wannan amsar ta ƙara dagula abin. Ran Asabar matasan majami'a suka gangara rafi da taɓare da gatura, suna waƙar yabo. A kan idona suka rushe murhun. Ran Lahadi Kaka ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, ya yi alkawarin ba zai ƙara rera waƙar ba, ba zai koya wa kowa ba. Ba wanda ya tambaye shi amfanin garin. Ko mutum ɗaya.

Na girma, na shiga jami'a, na karanta injiniyancin sarrafa ƙarfe. A shekara ta uku, wata safiya, malaminmu yana bayanin yadda ake zuba farar ƙasa a tanderu domin ta janye datti daga jikin ƙarfe. Ya ce bawon katantanwa ma zai yi, sinadarinsu ɗaya ne. Ya ce wuyar aikin ita ce sanin yawan iska da lokacin zubawa, kuma har yau ba a gane yadda magabata suke aunawa ba, tun da ba su da agogo.

Biro ya faɗi daga hannuna. Ashe waƙar ce agogon Kaka.

Ban jira hutu ba. Na hau mota zuwa Kafanchan, na ƙarasa gida a kan babur. Na tarar da Kaka kwance a tabarma, idanunsa sun daina gani. Na durƙusa kusa da kansa.

"Kaka, ba tsafi ba ne. Yana cikin littafinmu. Rera mini waƙar sau ɗaya, in rubuta."

Yatsunsa suna bugun tabarma a hankali, daidai da tafiyar zugazugi.

"Abokina, ni ma na sani ba tsafi ba ne. Amma na sa hannu a Littafi. Je ka gaya wa Babanka Babba. In dattawa sun kwance ni, zan yi maka."

Na je. Baba Babba bai ko ajiye rediyonsa ba.

"Boko ya fara juya maka kai ko? Abin da aka binne an binne."

Kaka ya rasu kafin a haƙe cittar shekarar.

Da na gama karatu aka yi mini sujadar godiya a majami'a. Baba Babba ya karɓi lasifika, cikin sabuwar riga.

"Ɗanmu injiniyan ƙarfe ne! Ba abin mamaki ba, gadon gida ne, a jini yake!"

Majami'a ta ɗauki tafi. Aka ce in miƙe a gan ni. Na ƙi. Mamata tana ta zungurina, ban motsa ba.

Ban bar zuwa sujada ba, domin fushina ba da Allah nake yi ba. Amma yau manoman ƙauyenmu fartanyar tsohon ƙarfen mota suke saya, damina ɗaya ta tashi aiki. Sau uku na gina murhu a bayan gidana. Ina da na'urar auna zafi, ina da takardar shaida a bango, ina da bawon katantanwa cike da ƙoƙo. Duk sau ukun ƙarfen ya fito yana marmashewa a hannu. Baiti biyu na farko kawai na riƙe daga waƙar, kuma ban san a na nawa ake watsa garin ba.