Rufin Shagon Baba Tsoho

Duk lokacin da na ji kafinta yana buga ƙusa a kan sabon kwano, ƙarar nan mai shiga har cikin haƙori, sai in tsinci kaina a Unguwar Kanawa ina yarinya, tsaye a ƙofar shagon kakana, baki buɗe ina kallon sama. Jiya ma haka ta faru. Ina cikin wanke-wanke aka fara bugu a bayan layinmu, na yi ta tsayuwa da soso a hannu har kumfar ta bushe ban wanke ko cokali ba.

Kakana, mahaifin babana, Baba Tsoho muke ce masa. Hatsi yake sayarwa, masara da dawa da gero da wake, a wani shago da ke jikin gidanmu yana fuskantar titi. Ginin ƙasa ne, rufin soro, an jera azara an ɗora ƙasa a kai. In ka shiga da tsakar rana a watan bazara, sanyi ne zai tare ka kamar ka leƙa randa, ga ƙamshin buhu da ƙaiƙayi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai magini ya hau ya sake yaɓe. Indararo ɗaya ne tal, a kusurwa, yana zuba ruwansa cikin kwatar lungu ba ya damun kowa. A nan nake wuni in ba makaranta, yana tsokanata wai ni ce amaryarsa amma ko ruwan sha ban iya kawo masa ba, ni kuma ina ce masa ban son miji mai furfura.

Gidanmu a gefen shagon yake. Bayan shagon kuwa ba namu ba ne, tsakar gidan maƙwabtanmu ce. Mutanen kudancin Kaduna ne, Kiristoci. Maigidan malamin firamare ne, duk unguwa Ticha ake kiransa, matarsa kuma mu yara Mama muke ce mata. Tsakar gidan nasu 'yar ƙarama ce ƙwarai, kuma madafar Mama a jingine take da bangon bayan shagon, 'yar rumfa ce da murhu a ƙarƙashinta. A nan take tuyar ƙosan sayarwa da sassafe, da shi take rufa wa albashin Ticha asiri in wata ya yi nisa. A nan kuma take dafa gwaten acca da yakuwa, wanda har yau ban ci irinsa ba. Na cika zama a gindin murhun nan har mahaifiyata takan ce in kwashe kayana in koma can gaba ɗaya, ta huta.

Wata damina aka yi marka mai tsawo, ruwa ba ya tsayawa, rana ba ta fitowa, tufafi suna warin danshi a kan igiya. Wata la'asar sai muka ji rugum! Kusurwar soron ce ta rufta. Ashe gara ta daɗe da cinye azarar ta ciki, ƙasa ce kawai take riƙe da kanta. Allah ya sa ba kowa a wajen, amma buhunan masara sun sha ruwa da laka, wasu har suka fara tsiro. Na ga Baba Tsoho ya ɗebi masarar a tafin hannu yana kallo. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Daga nan zaure ya zama majalisa, kullum maganar ɗaya ce, da me za a rufe shagon. Baba Tsoho soro zuciyarsa take so, amma babana ya ce azara mai kyau ta yi wuyar samu, maginan da suka iya sun tsufa, kuma shi ya gaji da yaɓen kowace shekara. Wani abokin babana ya kawo shawarar rufin asbesto, irin na gidajen ma'aikatan gwamnati, wai ba zafi ba ƙara. Sai aka tuna da mangwaron da ke kusa, da kuma yaran unguwa masu jifa, dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi, kuma in ya tsage ba ya liƙuwa. Baffana, ƙanen babana, shi kam babban buri gare shi. Ya ce a rushe a zuba kankare, a bar rodi a tsaye a sama, in Allah ya hore a ɗora bene. Ya yi ta zuba bayani yana zana ɗakuna a ƙasa da tsinke. Baba Tsoho ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "Wanda ya hau benen nan, tsakar gidan wa zai riƙa kallo?" Ba a ƙara tayar da maganar bene ba.

Kwano aka tsayar. Kowa ya san aibinsa, zafi da rani, ƙara da damina, tsatsa in ya kwana biyu, amma ba shi da nauyi a kan bangon ƙasa, kuma aikinsa ba ya ɗaukar lokaci. Baba Tsoho da kansa ya je kasuwa, aka ce sai da ya gajiyar da masu shago, yana lanƙwasa bakin kowane falle da babban yatsa, wanda ya lanƙwasu da sauƙi ya ture shi gefe. Aka kawo mai kauri, aka kawo katako, muka ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara.

Kafinta ya zo ya duba, ya ce yadda ake rufin shago sananne ne: a ɗaga gaba, a kwantar da baya, fuskar shago ta fito, mai saye ya tsaya a bushe, ruwa ya gangara ta baya. To ka ga, kwano ba soro ba ne da zai tara ruwa ya fitar ta indararo ɗaya. Duk tsawon bakinsa zuba yake yi. Kuma bayan nan da ake magana, kan murhun Mama ne daidai.

Baba Tsoho ya aika a kira Ticha. Ya zo da saurinsa, ya durƙusa ya gaida shi, aka yi masa bayani a gaban babana da Baffa da kafinta. Ko jinkiri bai yi ba ya ce, "Haba Baba, ba komai. Ruwa ne fa. Ku yi aikinku, za mu matsar da murhun." Babana ya ji daɗi, ya ce tunda maigida da bakinsa ya yarda, gobe sai a fara.

Washegari na shiga karɓar ƙosai, sai na tarar ba a hura wuta ba. Mama na rungume da dutsen murhu ɗaya tana zagaya tsakar gidan da shi. Ta ajiye kusa da rijiya, ta tsaya ta duba, ta ɗauke. Ta kai ƙofar ɗaki, ta ga hayaƙi zai cika musu wurin kwana, ta ɗauke. Wurin da ya rage jikin banɗaki ne, kuma wa zai sayi ƙosan da aka toya a nan? Idanunta sun yi ja. Na tambaye ta, ta ce hayaƙi ne. Ni kuwa da wautar yarinta na ce, "Mama, ai ba wuta." Ta ce in tafi gida, yau ba ƙosai.

Ba da niyyar kai ƙara na faɗa wa kakana ba, haushin rashin ƙosan ne ya sa na yi ta surutu. Yana cikin awo ya ajiye mudun, ya zura takalmi, ya yi sallama a gidan Ticha ya shiga har tsakar gida, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya gaisa da Mama, ya tambaye ta yara da ciniki, ya dubi rumfar, ya dubi rijiyar, ya dubi dutsen da ke yashe a tsakiyar fili. Bai yi maganar rufi ba ko kaɗan. Da ya fito kafinta har ya fara aune-aune, ya ce masa, "Juya shi. Ɗaga baya, ruwan ya zubo gaba."

Ranar na ga ɓacin ran babana. Ya ce, "Baba, shi fa da kansa ya ce ba komai." Baba Tsoho ya ce, "Me kake so ya ce? A haife na haife shi, na kira shi har ƙofata, na tambaye shi a gaban 'ya'yana. Ko ɗakin kwanansa na ce zan zuba wa ruwa, ba komai zai ce." Kafinta ya sa baki, ya ce a yi makwarara ta kwano a bayan ta tare ruwan. Baba Tsoho ya ce ganyen mangwaro zai toshe ta, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ta cika ta tumbatsa, kuma ba a kanmu za ta zuba ba balle mu sani.

Haka aka yi rufin, baya a sama, gaba a ƙasa. Kada ka ɗauka abin ya zo da daɗi. Shagon ya yi muni, gaskiya ce. Dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga, wanda ya manta kuwa goshinsa ya tuna masa. 'Yan unguwa suka sa masa suna shago mai ruku'u. In ana ruwa, labule guda ne yake sauka a bakin ƙofa, mai saye ya tsaya daga nesa ya leƙo ya wuce shagon gaba. Tiren wake da geron da ake jerawa a waje, da hadari ya haɗo sai a kwashe a guje. Ciniki ya ragu da damina, babana bai ɓoye ba, kullum ruwa ya sauko sai ya tsaya yana kallon ƙofar yana tsaki. Ticha dai bai zo godiya da baki ba. Wata Asabar muka gan shi da 'ya'yansa maza da diga da shebur, suka haƙa kwata a gaban shagon suka jera mata duwatsu, suka ajiye duro a kusurwa. Ruwan duron nan gida biyu muke wanki da shi.

Shekaru suka tafi. Baba Tsoho ya rasu, shago ya dawo hannun babana da mitarsa kan rufin. Sai gari ya rikice, irin rikicin da duk wanda ya zauna Kaduna a lokacin ba ya son tunawa. Mutane suka fara rabuwa, waɗannan su haura arewacin kogi, waɗancan su gangara kudu. Su Ticha sun jure iya jurewa, daga baya wata safiya mota ta zo ta kwashe kayansu. Mahaifiyata da Mama suka riƙe juna a ƙofar gida suna kuka kamar an yi mutuwa. Gidan ya zauna a kulle, ciyawa ta fito a inda murhu yake.

Da damina ta kusa, Baffa ya zo ya ce wa babana, to yanzu kam ba wanda za a cuta, a kira kafinta a juya rufin nan shago ya yi kyan gani. Ina wurin, na riga na zama budurwa, kuma na tabbata babana zai yi murna, shi da ya shekara da shekaru yana tsaki. Sai ya ci gaba da kaɗe bakin buhu, can ya ce, "Bar shi dai. Ko za su dawo." Bai juya shi ba. Aka sayar da gidan, sabon mai shi ya ja katanga doguwa ya shafe tsakar gidan da siminti, babana bai juya shi ba. Har ya bar duniya yana sunkuyawa yana shiga.

Bara kwanon ya gama cinyewa, ni da ƙannena muka zauna kan maganar sabon rufi. Yanzu zaɓi ya yi yawa. Akwai dogon kwano na alminiyom da ba ya tsatsa, akwai mai tsakuwa a jiki da ba ya ƙara, akwai kankare, akwai wanda ake ɓoyewa bayan bango ruwan ya bi ta bututu ya sauka ƙasa, ba ya taɓa kowa. Masu sayarwa suna tambayarka launi da kauri, ba mai tambayarka waye a bayanka. Mu ma ɗin ba mu san mutumin da ke bayan katangar ba, sai dai motarsa. Ƙannena suka ce a ɗaga gaba a yi na zamani, kuma ba ni da hujjar hana su. Amma na kasa cewa to. Na yi ta ja musu rai har suka fara jin haushina.

Sai na nemi Mama. Na haye gada na same ta a gidan ɗanta, Ticha ya daɗe da rasuwa, ita kuma ido ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Muka yi kuka, muka yi dariya, ta tambayi kowa da kowa. Can na ce mata, "Mama, kin san har yau ruwan shagon nan gaba yake zuba? Babana ya hana a juya, wai ko za ku dawo."

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe ta ce, "Allah ya jiƙansu. Ku ɗaga shi, 'yata. Ba za mu dawo ba."

Na san haka tun da daɗewa, kowa ma ya sani. Amma ba wanda ya taɓa faɗa mana, kuma sai da na ji daga bakinta abin ya yi mini ciwo. A cikin motar dawowa, muna kan gada, na kira ƙanena na ce masa su fara aikin.