Ragon da na ƙi ci a lambun gari

Shekarun baya, bayan na ajiye aikin rediyo na zama kansila a garinmu, aka saka ni a kwamitin da ke sa ido kan wuraren wasa da shaƙatawa. Sunan ya fi aikin girma. Duk abin da muke da shi filin kokowa ne, da filin ƙwallo mai duwatsu, sai wani lambu mai katanga a bakin hanyar kasuwa.

Itatuwan lambun nan mata ne suka dasa su, a zamanin aikin farfaɗo da ƙasa, lokacin da maza suka watse cirani aka bar mata da ɗaukar dutse a ka. Mahaifiyata tana cikinsu. Su suka yi ta jido ruwa har dogonyaro da bagaruwa suka kama. Daga baya ma'aikatar magajin gari ta kasa kula da wurin, sai ta ba ɗan kwangila: ya share, ya yi ban-ruwa, ya gyara bencina, shi kuma ya sayar da lemo, ya ba da hayar wurin ranar biki. Sauran ranaku lambun na kowa ne. Ɗan kwangilar nan taubashina ne, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa sai mun zagi juna.

Gaskiya ya yi aiki. Ya shafa fenti, ya kwashe ledoji, ya hana awaki. Amma ya saka gardi a ƙofa, kuma ƙofar ba ta buɗuwa sai ga mai biki ko wanda zai zauna ya sayi abin sha.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar zafin bazara, mahaifiyata ta dawo gida ta sauke ƙwaryarta, ta sha ruwa, sannan ta dube ni.

"Kansila," ta ce. Ba ta kirana haka sai in da magana. "Yau munka tsaya mu huta a lambu, ni da ƙawayena. Yaron ƙofa ya ce ba a shiga sai mai saye. Munka zauna bakin katanga, inuwar tana can ciki tana kallonmu."

Ba ta roƙe ni komai ba. Ta tashi ta shiga ɗaki.

A makon ne aka shirya ziyarar kwamitinmu, wadda ita ce ta farko a wurina. Abokina, wanda ya daɗe a majalisar, ya yi min bayanin yadda ake yi. Ana sanar da ɗan kwangila ranar zuwa. Ya buɗe ƙofa, ya shimfiɗa tabarmi, ya gasa rago. A zagaya, a ci, babba ya yi addu'a, a koma majalisa a ce an gani, komai lafiya.

Na ce, "To in akwai gyara fa?"

Ya yi dariya. "Ka ci naman mutum, maiƙon yana bakinka, sannan ka kai ƙararsa? A garin ga? Kai ma ka san ba a yi."

Na sani. A wurinmu, wanda ya sa hannu a akushinka ya ɗaure bakinsa a kanka, aƙalla na wani lokaci. Ba wanda ya kira abin cin hanci, kuma ba na jin taubashina ya ɗauke shi haka. Karamci ne. Sai dai karamcin yana zuwa daidai ranar da ya kamata a yi tambaya.

Ranar ziyara mun tarar da ƙofa a wangale, an yayyafa ruwa, ƙasa tana ƙamshi. Muka zagaya. Aka kawo ragon a kan babban faranti, an cusa masa shinkafa, albasa ta ji wuta. Ni kuma ko karin kumallo ban yi ba, don tun da safe nake shirya maganar da zan faɗa kamar mai shirin karanta labarai. Da ƙamshin ya buge ni, rabin maganar ya gudu.

Aka zagayo da buta kowa ya wanke hannu. Da ta iso gabana na ce a wuce. Na miƙe tsaye, na harɗe hannuwa a baya.

Taubashina ya hango ni. "Kai, bawana, mi ya same ka? Azumi kake, ko likita ya hana? Zauna ka ci, na san rabonka da nama tun layya."

Aka yi dariya. Na ce, "Ba azumi nake ba, ubangidan awaki. Aiki na zo. Jiya ƙofar ga a buɗe take?"

Shugaban kwamitin, dattijo mai haƙuri, ya ce, "Malam, zauna. In an ƙare sai a yi magana."

"Ranka ya daɗe, in na ci ba zan iya ba. Ku ci, ina jira."

Taubashina ya ajiye wuƙar yanka naman. Ya ce yara suna karya rassa, tsofaffi suna zubar da tuƙar goro, shi ke shan wahalar shara. Na ce duk wannan gaskiya ne, kuma sharar ce aka ba shi. Ya matso kusa ya rage murya. "In don Gwaggo ne, wallahi ban san an hana ta ba. Gobe in gaya ma gardi, duk sa'ad da ta zo ta shiga."

Na ce, "Ba ita kaɗai aka hana ba."

Suka ci, amma ba daɗi. A lokacin ne na lura da abin da ban shirya ba. Al'adar da ta hana mai ci magana, ita ce kuma ta hana mutum sakewa da abinci alhali wani yana tsaye a kansa da yunwa. Kowa ya kai loma sai ya saci kallona. Cikina kuma yana ta ƙugi, har na riƙa gyaran murya don in rufe shi.

Kafin magariba labari ya gama gari. Kawuna ya zo da kansa, ya ƙi shiga zaure. "Ka ƙi abincin ɗan'uwanka gaban mutane? Guba anka sa ciki? Wace lakkwal ce, wace makarantar boko, ta koya maka haka?" Na durƙusa na saurare shi har ya gama. Amma ban ce na yi kuskure ba.

Mahaifiyata ma ba ta tafa min ba. Ta ce, "Da ka ɗan taɓa ko tsoka guda, da ba a zage ni wajen tarbiyya ba." Amma washegari da taubashina ya zo da goro ya durƙusa, ya ce ƙofa tata ce ko yaushe, sai ta ce, "Allah shi yi albarka, ɗana. Amma ni kaɗai na yi dashen? Ranar da ƙawayena sunka shiga, ina bayansu."

A zaman majalisa na tayar da maganar. Waɗanda suka ci suka duƙar da kai, aka ce za a duba. Na san ma'anar za a duba, na sha karanta ta a rediyo.

Ziyara ta gaba na sake tsayawa, wannan karon bayan na cika cikina da fura tun daga gida. Da butar ta je gaban abokina, ya dube ta, ya dube ni, ya yi tsaki ya miƙe. "Allah ya isa tsakanina da kai," ya raɗa min. "Ka san yadda nake son awazu." A ziyara ta uku wata kansila ta ja kujerarta gefe ta ce ta ƙoshi. Shugaban kwamitin ya dubi farantin, ya dubi mu da ke tsaye, ya ce a rufe naman a kai gidan kurkuku sadaka, mu zauna mu yi abin da ya kawo mu.

A ranar aka yi wa ɗan kwangila tambayoyi da baki marar maiƙo. Majalisa ta yanke cewa ƙofa za ta kasance a buɗe daga safe zuwa magariba in ba ranar biki ba, kuma kwamiti zai riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Ba a ƙwace masa kwangilar ba, ban ma taɓa neman haka ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya tsofaffin suka shiga. Mahaifiyata ta dawo tana ƙorafin bencin ya yi tauri, sun gwammace ƙasa.

Abin bai tafi a banza ba. Kawuna ya daɗe yana amsa gaisuwata da ka kawai. Da zaɓe ya zagayo, unguwarsu ta juya min baya, ban koma majalisa ba. Har yau akwai masu cewa na watsar da zumunci a kan rago. Ba na gardama da su. Na san karamci abu ne mai kyau, da shi muka tashi, kuma ban taɓa ƙin abincin kowa ba in ba a waɗannan ziyarce-ziyarcen ba. Amma an zaɓe ni ne in duba in faɗa, kuma na san kaina: da na ci, da na yi shiru kamar kowa. Ban fi sauran ƙarfin hali ba, shi ya sa na tsayar da abin tun daga buta.

Ni da taubashina mun koma zagin juna, wanda a wurinmu shi ne alamar lafiya. Kwanan baya muna zaune a wani suna, ya juyo ya ce, "Ka san har yau ba ka ba ni haƙuri ba?"

Na ce, "Na sani. Gyara zama, jiran da tsawo."