Motar da Ba a Leƙa Ƙarƙashinta Ba

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Sankilo, wato unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, sun riga sun san ni, wanda bai san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara masa komai ba. Da samari nake magana, musamman masu jin kansu da wayo, domin ni ma mai wayo ne, kuma wayon ne ya kai ni inda ya kai ni.

Ubana tela ne a Titin Koudoukou, mutumin da ko ƙyalle ya ragu a ɗinki sai ya naɗe ya mayar wa mai shi. Shi ya kai ni wani gareji a unguwar Yakite na koyi kanikanci. Ba yabon kai ba, Allah ya ba ni kunne. Mota na shigowa nakan san ciwonta kafin direba ya kashe inji. Ina da sana'a, ina da mutunci, ina sallah a sahun gaba. Babu yunwar da ta kore ni zuwa ɓarna, kada wani ya ba ni wannan uzurin.

Da fulogi na fara. Wata rana na wanke tsohon fulogi da fetur, na goge shi ya yi fes, na sa shi a kwalin sabo. Mai motar ya biya, har ya ce mini "singila mingi", godiya mai yawa ke nan da yaren Sango. Na jira wani abu ya faru, babu abin da ya faru. Bayan rasuwar ubana sai na bar gareji na koma dillancin mota, inda ake samu ba tare da an ɓata riga ba. Na koyi mayar da agogon kilomita baya. Na koyi zuba baƙin mai mai kauri don injin da ya gaji ya yi shiru na mako biyu. Na gane cewa mai saye fenti yake kallo, sai rediyo, sai ya sa hannu ya ji sanyin na'ura, shi ke nan ya gama bincike.

Amma babban makamina ba sifana ba ne, kunyar mutanenmu ce. A wurinmu, in wanda kuke sahu ɗaya a masallaci ya kawo maka kaya, ba ka kiran wani ya duba. Yin haka kamar ka ce masa maƙaryaci ne a gaban jama'a. Ana shan hannu, a shafa Fatiha, ciniki ya faɗa. Ni kuwa da zarar na ga mai saye yana ɗar-ɗar, sai in miƙa masa makulli in ce, "Kai ta duk garejin da kake so." Ban taɓa ganin wanda ya karɓa ba.

Alhaji Sule aminin ubana ne, mai sayar da sukari da fulawa a sari. Baba Alhaji nake ce masa. Wata Asabar ya aika aka kira ni shago, ya ce yana son jif, irin wadda muke ce wa kat-kat, mai kujera bakwai. Ba don ado ba. Ya ce lokacin da gari ya rikice, ƙaramar mota gare shi, dole ya kwashe iyalinsa sawu biyu. Ya kai rabi, da ya juyo ya tarar an rufe hanya. Kwana uku bai san ko sauran suna da rai ba.

"Allah ya tsare su," in ji shi. "Amma na yi alkawari ba zan sake tsayawa ina zaɓen wanda zai fara shiga mota a cikin 'ya'yana ba. Mu tara ne, ƙanana a cinya. Ka samo mini wadda za ta ɗauke mu sawu ɗaya, mai tudu, wadda ba ta tsoron taɓon damina, kuma kayan gyaranta ba sai an aika Duwala ba."

Na ji maganar nan har cikin raina, kuma duk da haka na yi abin da na yi.

Jif biyu ke hannuna. Ɗaya fara ce mai shan gas, ta wata ƙungiya da ta gama aikin daji da ita. Mummuna ce, duk jikinta karce, kujerunta sun koɗe, amma lafiyarta lau, ko gobe a kama hanyar Kamaru da ita. Ɗayar baƙa ce wuluk, tana sheƙi, kujerun fata, gilashi mai duhu. Sai dai ba mota ɗaya ba ce. Gaban wata ne da bayan wata, duka biyun sun yi hatsari. Wani mai walda ya haɗa shasin, wato ƙashin bayan motar, muka shafe ɗinkin da kwalta, muka yi mata takardun ƙarya. Kasona a baƙar ya fi na farar nesa ba kusa ba.

Na jera su a ƙofar gidansa da hantsi. Yara suka yi caa a kan baƙar, babu wanda ya ko kalli farar. Safiya, babbar 'yarsa, wadda ke shekarar ƙarshe a sakandare, ta haye kujerar can baya ta ce nan ne wurinta, kowa ya sani. Alhaji ya zagaya farar yana ƙwanƙwasa ta, na ga hankalinsa ya fara kwantawa da ita. Sai na matsa kusa na rage murya.

"Baba Alhaji, wannan ai ta gama rayuwarta a daji. Mutum kamarka ya sauka daga wannan a ƙofar masallaci? Sai a ce sukari ya daina tafiya."

Ya yi dariya, ya koma wajen baƙar. Matarsa Hajiya Balki ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta buɗe ƙofar baya ta rufe, ƙofar ta ƙi kamawa sai da ta sake bugawa. Ta sunkuya ta shinshina.

"Alhaji, warin kwalta nake ji. Kuma ƙofar nan ba ta zauna daidai ba. A kira wani makanike ya leƙa ƙarƙashinta mana."

Ban bari fuskata ta nuna komai ba. Na ciro makulli na miƙa da hannu biyu, na sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta. "Gaskiyar Hajiya ce. A kai ta duk inda ake so."

Alhaji ya ture hannuna, ransa a ɓace. "Wane irin wani makanike? Ni na riƙe ragon sunan yaron nan. Ubansa ya ɗinka mini rigar aure. In sa baƙo ya binciki ɗan aminina? Haba Hajiya!"

Hajiya ta dube ni, ta gyara mayafi, ta shige gida. Ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Koudoukou muka sha hannu, dattawa uku suka shaida, aka shafa Fatiha. Ni ma na ɗaga hannu na shafa tare da su.

Wata biyu motar na yawo cikin gari lafiya, har na fara gaya wa kaina waldar ta kama. Sai aka yi haihuwa a danginsu a garin Boali, cikin damina, suka ɗunguma su tara, ga buhun shinkafa ga akwatuna. A wani gangare motar ta faɗa rami, ɗinkin ya ɓalle, bayanta ya karkace ta wuntsila cikin kwari. Babu wanda ya mutu, wannan rahamar Allah ce ba aikina ba. Amma kujerar can baya ita ce daidai kan waldar. Ƙafar Safiya ta dama ta karye wuri uku.

Ina shan shayi a bakin titi labarin ya iske ni. Ban gudu ba, kuma ba don jarumta ba. Jandarmomi suka ga lambar shasin gaban motar daban, ta baya daban. Mai walda bai sha wani matsi ba ya ambaci sunana. Alhaji bai kai ƙara ba, hukuma ce ta yi aikinta. Alƙali ya ba ni shekara huɗu. Ana fita da ni daga kotu Hajiya Balki ta tare hanya. Na zaci zagi za ta yi, da ma ta zaga ɗin.

"Na ji warin nan tun ran farko," in ji ta. "Kunyar ubanka ce ta hana ni faɗa sau biyu."

Gidan yari ba sai na ba ku labari mai tsawo ba. Zafi, cunkoso, ƙwarƙwata, da tuwon rogo wanda ko yaro ba ya ƙosarwa. Duk wannan jiki yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne hannun Alhaji yana ture makullin nan. Da fulogi na cuci baƙo. Da jif ɗin nan kuwa sunan ubana na ɗauka daga kabari na sayar. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na tuba, na roƙi Allah, na kuma san cewa haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Da na fito na wuce shagon Alhaji kafin in je gida. Na durƙusa a gaban buhunan sukari. Ya ce ya yafe don Allah da don ubana, in tashi. Bai ce in zauna ba, ni ma ban zauna ba. Na koma Yakite na kama sifana. Yanzu aikina ɗaya: mai son sayen mota ya kira ni, in shiga ƙarƙashi in faɗa masa gaskiya. Dillalai sun tsane ni, kuma suna da dalili, babu dabararsu da ban riga su sani ba.

Bara, ina cikin aiki, aka tsayar da wata jif ruwan toka a bakin gareji. Dillali ne ke tuƙi. Alhaji ya sauko, sai Hajiya, sai Safiya tana dogara sanda. Tun hatsarin ba su sake sayen mota ba. Na rasa inda zan sa idona.

Hajiya ce ta yi magana. "Alhaji ya yafe maka. Ni tukuna. Amma duk garin nan babu wanda ya fi ka sanin inda ake ɓoye ƙarya a jikin mota. Shiga ka duba."

Dillalin ya fara cewa ai shi da Alhaji sahunsu ɗaya. Alhaji ya ɗaga masa hannu. "Sahu na sallah ne. Bar shi ya duba."

Na shimfiɗa kwali na kwanta na shige. Daga can ƙasa ba a ganin fuska, ƙafafu kawai ake gani. Ga na Alhaji, ga na Hajiya, ga na Safiya: takalmin dama an ƙara masa tudu kamar yatsa uku don ya kamo na hagu. Aikina ke nan a tsaye, ina kwance ina kallonsa. Na bi shasin nan taƙi bayan taƙi, na kankare da wuƙa, na ƙwanƙwasa da guduma, na duba lambar gaba na duba ta baya. Abin da nake yi cikin rabin awa ya ɗauke ni har la'asar. Da na fito na ce ƙashinta ɗaya ne, lafiyayye, amma a sake burkin baya da tayoyi biyu kafin kowa ya hau.

Safiya ta tambaye ni, "Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ta zagaya a hankali, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Kujerar can baya ba ta ko waiwaya ta kalla ba.

To, samari, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kada ku raina ƙaramar cuta don babu wanda ya gani, tawa da fulogi ɗaya ta fara. Wanda ya yarda da ku saboda iyayenku, ku ji tsoron Allah a kansa fiye da kowa. Shekara huɗuna sun ƙare, na fito da ƙafafuna biyu daidai, wadda ba ta yi laifin komai ba ce ke ɗingishi har gobe. Ku kuma masu neman motar iyali, ku ƙirga kujeru, ku duba tudu, ku tambayi kayan gyara, sannan ku ajiye kunya ku sa a leƙa ƙarƙashinta, ko da ni na kawo muku ita.