Kawu Arzika da Bokiti Biyu

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san ba ya fara magana a filin ƙwallo sai ya lashi zufar bayan hannunsa, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci: "Yau gishiri ya fita da yawa. A rage gudu." Ƙanen mahaifiyata ne, shi ke horar da ƙungiyar unguwarmu a Dogon Dutsi, ni kuma ina tsaron baya. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, don ba na son labari a hargitse, ko da yake wannan a hargitse ya zo.

Da farko, matsalar. Kowace bazara 'yan Tibiri sai sun ci mu. Ba su fi mu iyawa ba, amma da an dawo hutun rabin lokaci sai ka ga 'yan wasanmu a ƙasa, jijiyar ƙafa ta naɗe, suna kiran iyayensu. Dattawan unguwa suka ce idan aka sake, za su ba wani saurayi da ya dawo daga Yamai ƙungiyar. Kawu ba shi da mata a lokacin, ba shi da gona mai kirki. Ƙungiyar nan ita ce gidansa.

Na biyu, maganin. Mun saba da abin shan 'yan wasa na kwalba, shuɗi, mai zaƙi. Sai ga wani sabon gari a 'yan ledoji, ana damawa a ruwa, ɗanɗanonsa kamar hawaye. Kawu ya ja ni kantin magani wajen Madam Rut, wadda ke zaune kusa da coci.

"Madam, wanne ya fi?"

"Na kwalba sukari ya fi yawa, yana ba da ƙarfin gudu. Na leda gishiri ya fi yawa, yana mayar da abin da zufa ta kwashe."

"To wanne ya fi?"

"Ya danganta, Baba."

"Ga mi?"

"Ga mai sha."

Muna fita ya ce mini, "Ka ji fa! Na zo da tambaya guda, na koma da ukku."

Na uku, gwaji. Ya zuba kowanne a ƙasa a tsakar gidanmu, ya tsuguna. Kiyashi suka yi dafifi a kan shuɗin. Ya miƙe yana murna: "Ka taɓa ganin kiyashi ya faɗi yana riƙe da ƙafa?" Na ce, "Kawu, kiyashi ba ya zufa." Ya harare ni. Muna cikin haka akuyar mahaifiyata ta zo ta lashe na ledar tas, ta haure katanga, abin da ba ta taɓa yi ba. Kawu ya dafe kai. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa ta ce, "Arzika, in ka gama shawara da dabbobi, ka je ka nemo mini akuyata."

Na huɗu, ranar wasa. Ya zo da bokiti biyu. Masu tsaron baya za su sha na leda, masu kai hari su sha shuɗi. Wanda ya sha na wani zai zauna a benci. Na ce wannan ba tsari ba ne. Ya ce, "Kai da tsarinka sau nawa Tibiri sunka ci mu?"

Abin mamaki, babu wanda ya faɗi. Mu na baya muka tsare gida, na gaba suka yi ta gudu ba su ci komai ba. Rana kamar ta fasa kai. A hutun rabi, wani dogon mai tsaron bayan Tibiri, Noma, ƙishi ya kai shi inda muka ajiye kaya, ya kwankwaɗi moɗa ɗaya daga bokitanmu ya gudu, ba wanda ya ga wanne ya ɗiba. Ana gab da tashi, ƙwallo ta zo masa, ba mai matsa masa, ya juya ya narka ta a ragar gidansu. Kai! Fili ya ɗauki ihu. Mun ci, ƙungiya ta tsira a hannun Kawu.

Shi kuwa bai ko yi murna ba. Ya ratsa jama'a ya kama rigar Noma.

"Ɗana, don Allah, wane bokiti ka sha?"

"Tsoho, sake ni!"

"In na sani, shi zan hana yarana, in riƙa ba baƙi!"

Noma ya fizge. Daga nan Kawu ya mayar da kasuwar Tibiri wurin zuwansa. Noma na sayar da buhunan hatsi, da ya hango shi sai ya shige bayan rumfa. Mu kuma muka ci gaba da bokiti biyu shekara da shekaru, don Kawu na tsoron ya zubar da mai amfanin. Har yau idan aka tambaye ni wanne ya fi, ba ni da amsa, kuma ba na jin daɗin rashin amsa.

Na ƙarshe. Da ciwo ya kwantar da Kawu, wata safiya sai ga Noma da kansa, ya yi furfura a gemu, ya zo dubiya. Ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, "Baba, na wahal da kai. Yau zan gaya maka."

Kawu ya ɗaga hannu da ƙyar. "Bari, bari! In ka faɗi, mi zan riƙa tunani nan kwance? Zauna dai. A kawo mishi ruwa."

Suka yi hira har azahar. Bayan kwanaki kaɗan Noma na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, ni kuma ban tambaye shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara, wanda ba a ƙishi bayansa. Amin.