Akwatin ƙayoyin ƙanena

Shekarun baya, zamanin juyin juya hali da kowa ya koma kamarad har mai sayar da gawayi, gwamnati ta tura ƙanena Kuba karatun noma. Ni ko lakwal, wato makarantar boko, ban gama ba, ɗanyen kaɗe nake saye a ƙauyuka ina sayarwa a Parakou. Bayan shekara huɗu ya dawo da akwatin ƙarfe, ya ajiye a gidana a unguwar Banikanni, aka kai shi aiki Djougou.

Ba a jima ba ciwon shawara ya kwantar da shi. Mahaifiyata tana haɗa masa kaya, ta buɗe akwatin neman bargo, ƙaya ta soke ta. A ciki kwalaye ne jere, kowanne an ɗinke masa busasshen yanki na wani tsiro mai kama da ƙerana, ga rubutun da ba ma iya karantawa. Nan take ta yanke cewa asiri aka yi wa ɗanta a can, kuma kafin la'asar za ta ƙone shi duka.

Ni ma da na leƙa, abin da na fara aunawa shi ne akwatin ya fi abin cikinsa daraja. Amma na san samfur in na gani. Na ce mata mai asiri ba ya sa wa kayansa lamba da kwanan wata. Na roƙe ta mu kai masa tukuna, in bai san su ba ni zan ƙyasta ashanar. Har Djougou ba ta yarda akwatin ya taɓa ƙafarta a mota ba.

Mun same shi kan tabarma, idanu rawaya. Da ya ga akwatin sai ya yunƙura ya zauna, abin da matarsa ta ce ya kwana biyar bai yi ba. Ya ɗauko kwali ɗaya yana ba mu labari: bakin teku ne a Kuba, ga ruwa iya ganinka amma sama ba ta zubarwa, sai duwatsu da waɗannan tsirrai masu ɓoye ruwa a cikinsu. Shi ya yanko su, ya tsaga, ya kwashe tsokar, ya danne tsakanin jaridu yana canzawa kullum har makonni, don ɗalibai su gani wata rana. Ya nuna mata tabon ƙaya a yatsunsa.

Mahaifiyata ta riƙe hannun ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wa ya cire maka ƙayoyin?"

Ya ce, "Ni kaɗai, Inna."

Ba ta ƙara maganar wuta ba. A hanyar komawa akwatin a cinyarta ya zauna.

Ƙanena ya warke, ya kwashe kayansa zuwa inda yake koyarwa. Sai da ya ƙirga ya ga kwali ɗaya babu, ya zarge ni, na rantse har na gaji.

Ni dai tun ranar ban sake yi wa kayan mutum kuɗi ba kafin in ji labarinsu. Bayan rasuwar mahaifiyata muka buɗe kwallarta, muka tarar da kwalin nan a ƙasan zannuwan da take ji da su, naɗe cikin farin ƙyalle, da kafur don kada ƙwari su ci. Ƙaya ɗaya ba ta karye ba.